Martani: Gurbin Kan-Gaba Ba Ado Ba Ne, Shaida Ce

Malam, na karanta rubutunka har sau biyu, na farko a gurguje, na biyu bayan sallar isha'i da biro a hannuna. Ka yi shi ne a kan shawarar da na kawo kwanakin baya, cewa tseren kwalekwale na bikin Rigata da ake yi a bakin Neja a Yelwa ya riƙa farawa da gwaji: kowane jirgi ya yi tazarar shi kaɗai, a riƙe masa agogo, wanda ya fi sauri ya zaɓi inda zai tsaya a layin tashi, sannan a rubuta sunayen matuƙa da lokacinsu a littafi. Ban ɓoye inda na samo dabarar ba. Daga tseren motocin Formula 1 ne, motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, waɗanda yaranmu ke bi a wayoyinsu. Na gode da ka ɗauki maganar da muhimmanci har ka zauna ka yi mata raddi. Amma ban yarda da kai ba, kuma ga dalilaina.

Saboda mai karatun da bai saba da wasan ba, bari in fara da bayani. Kafin ranar tsere, direbobi kan fita su zagaya filin, kowa yana neman zagaye ɗaya mafi sauri. Tun shekarar 2006 ana yin wannan gwaji zango uku, ana zubar da masu nawa, har a rage mutum 10 a zangon ƙarshe. Wanda ya fi su duka shi ke tsayawa a gaba ranar tsere, na biyu yana bayansa da mita 8, haka har ƙarshen layi. Wannan shi ne gurbin kan-gaba. Sunan da Turawa ke kiransa da shi ma daga filin sukuwa aka aro shi, wato gurbin dokin da ke jikin sandar gefen ciki, inda hanya ta fi gajarta. Giuseppe Farina na Italiya ne ya fara samunsa a gasar duniya, a filin Silverstone na Ingila, a watan Mayun 1950. Zuwa ƙarshen kakar 2024, Lewis Hamilton ne ke kan gaba da 104, sai Michael Schumacher da 68, Ayrton Senna da 65, Sebastian Vettel da 57.

Ga abin da ka ce, kamar yadda na fahimce shi, kuma in na rage maka wani abu ka gyara mini. Na farko, gurbin kan-gaba ba ya kawo maki ko ɗaya a Formula 1, don haka lissafa shi ɓata tawada ne. Ka kawo karin maganar nan ta doki ɗaya a fage gudu gare shi, ka kuma tuna mana Niki Lauda da ya ci gasar 1984 ba tare da ya tashi daga gaba ko sau ɗaya ba. Na biyu, mota ce ke gudu, direba zama kawai yake yi a ciki, don haka adadin na kamfani ne. Na uku, adadin kansa yaudara ne, tunda tseren yanzu ya ninka na da sau uku a shekara. Na huɗu, agogo da littafi baƙin abubuwa ne a wasanninmu, za su mayar da bikin iyaye da kakanni jarrabawa. Ka rufe da cewa sauri ya haifi nawa, kuma mutanen da ruwa ya sha cinye musu 'yan'uwa ba su da buƙatar a koya musu girmama gudu. Hujjoji ne na mai tunani. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ne ba a ba da maki saboda gurbin kan-gaba a Formula 1, ko da yake ana bayarwa a gasar IndyCar ta Amurka da Formula 2 da Formula E. Gaskiya ne kuma Lauda ya ci gasar 1984 da ratar rabin maki a kan abokin aikinsa Alain Prost, 72 da 71.5, bai taɓa tashi daga gaba ba a shekarar. Zan ma ƙara maka abin da ka manta: Denny Hulme ya yi irin haka a 1967, kuma a 2014 Nico Rosberg ya samu gurbin sau 11, Hamilton sau 7, amma Hamilton ne ya ɗauki kambi. To me waɗannan suka tabbatar? Sun tabbatar da cewa tsere yana auna abubuwa da yawa a haɗe: haƙuri, dabarar tattalin taya, ƙarkon inji, saurin makanikai, har da sa'a. Gwajin gudu kuwa abu ɗaya yake tambaya: a wannan fili, a wannan sa'a, wa ya fi kowa sauri? Shin don tambaya ɗaya ce sai ta zama banza? Mai awon albasa a kasuwar Yauri yana ƙirga buhu, yana kuma duba girman ƙwaya. Akwai wanda zai ce masa ya daina duba ƙwaya tunda da buhu ake biyan kuɗi?

Ka koma 1984 ɗin da ka kawo. A shekarar Nelson Piquet ya tashi daga gaba sau 9, amma ya ƙare na biyar a gasa saboda motarsa ta Brabham ta yi ta lalacewa a hanya. In littafin masu nasara kaɗai muke da shi, da mun ɗauka Piquet bai yi abin kirki ba a wannan shekara. Littafin gurbin kan-gaba ne ya kare masa haƙƙinsa, ya nuna cewa inji ne ya gaza, ƙafarsa da idonsa ba su gaza ba.

Karin maganar doki ɗaya kuwa ba ta hau nan ba. Dokin da ke gudu shi kaɗai babu mai auna shi, shi ne ake ruɗuwa da shi. Wanda aka riƙe wa agogo ba shi kaɗai yake ba, yana tsere ne da duk wanda ya riga shi da duk wanda zai biyo shi. A filin Jerez na Sifaniya a 1997, direbobi uku, Jacques Villeneuve da Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, sun yi lokaci ɗaya cif, minti 1 da daƙiƙa 21.072. Aka ba Villeneuve gurbin saboda shi ya fara yin lokacin. Wane ido ne zai iya yanke wannan hukunci ba a tashi da rigima ba? Sannan akwai filayen da gurbin ya kusa zama nasarar kanta. A titunan Monako, inda hanya ba ta da faɗin da mota za ta wuce 'yar'uwarta, Charles Leclerc ya tashi daga gaba a 2024 ya ci tseren, kuma goman farko duk sun ƙare a jerin da suka tashi. Hamilton kansa, a cikin nasarorinsa 105 zuwa ƙarshen 2024, guda 61 daga gurbin kan-gaba ya ci su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa riƙe filafili ya san Neja ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ba ce. Ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, bayan lanƙwasa ya fi cikinta ja, akwai inda ciyawa ke riƙe jirgi, akwai inda yashi ke kusa. Jiragen da aka jera a layi ɗaya ba ruwa ɗaya suke kai ba. Dole wani ya samu wuri mai kyau, wani ya samu maras kyau. Tambayar ita ce, da me za a raba? In ƙuri'a ce, sa'a ta yi hukunci. In wanda ya riga zuwa ne, ko wanda ya fi faɗa a ji, an buɗe ƙofar gunaguni. In gwaji ne, kowa da guminsa ya sayi gurbinsa a gaban jama'a. Wace hanya ce ta fi kusa da adalci a cikin ukun nan?

Hujjarka ta biyu ita ce ta fi jan hankalin matasa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Babu direban da zai tara gurbi 60 ko 100 da gurguwar mota. Hamilton ya tara mafi yawan nasa ne a shekarun da Mercedes ta fi ƙarfin kowa. Amma ka tsallake abu ɗaya: kowane kamfani mota biyu yake fitarwa, kuma mutum biyu ne ke tuƙa su. A 1988 Senna da Prost duk McLaren suke tuƙawa. A tsere 16, Senna ya tashi daga gaba sau 13, Prost sau 2. Prost ba ƙaramin direba ba ne, sau 4 ya ci gasar duniya a rayuwarsa. A 1992 Nigel Mansell ya samu 14 cikin 16 da motar Williams, abokinsa Riccardo Patrese ya samu 1. A 2011 Vettel ya samu 15 cikin 19 da Red Bull, Mark Webber ya samu 3. In mota ce kaɗai ke gudu, me ya hana ta yi wa mutum biyun gudu iri ɗaya?

Ka dubi Monako ta 1988. A gwajin, Senna ya ba Prost ratar daƙiƙa 1.427, a wasan da ake rabuwa da ƙiftawar ido, kuma a mota iri ɗaya. Washegari a tsere Senna yana gaba da nisa, ya yi kuskure ya daki shinge, Prost ya ci. Littafin nasara sunan Prost ya rubuta, kuma ya cancanta. Amma abin da masu son wasan suke ta ambato har yau shi ne wancan zagaye ɗaya na Senna. Da ba a riƙe agogo an rubuta ba, da yanzu ya zama labarin da wani zai ce an yi, wani ya ce ƙari ne.

Akwai kuma ranakun da ƙaramar mota ta hau gaba saboda mutumin da ke cikinta. Vettel yana ɗan shekara 21 ya yi haka da Toro Rosso a Monza cikin ruwan sama a 2008, ya kuma ci tseren. Nico Hülkenberg ya yi da Williams a Birazil a 2010, Kevin Magnussen ya yi da Haas a Birazil ɗin a 2022. Haka abin yake a ruwa. Gwanin sassaƙa yana da rabonsa, domin jirgin da aka fafe da kyau ya fi yanka ruwa. Amma ka ba ƙungiya biyu jirgi iri ɗaya ka gani. Ɗaya filafilansu na faɗawa ruwa kamar hannu ɗaya, mai riƙe da baya ya san inda zai karkata. Ɗayar kowa na tuƙa nasa. Littafin da nake roƙo zai ɗauki sunan masassaƙi da na matuƙa gaba ɗaya, kamar yadda Formula 1 ke da kambin direbobi da na kamfanoni tun 1958.

A hujjarka ta uku mun fi kusa da juna. A 1950 tsere 7 aka yi, a 2024 an yi 24. Duk wanda ya ɗauki 104 ya ajiye kusa da 29 na Juan Manuel Fangio ya ce magana ta ƙare, bai yi wa ɗan Ajantina adalci ba. Fangio ya samu nasa 29 a tsere 51, fiye da rabi ke nan. Jim Clark ya samu 33 a tsere 72, kusan kashi 46 cikin 100. Senna 65 a tsere 161, kashi 40. Hamilton 104 a tsere 356 zuwa ƙarshen 2024, kashi 29. Ta wannan fuska jerin ya kife. Amma Malam, da me ka gane cewa adadin na iya ruɗarwa? Ba da wani adadin ba ne? Ka iya kare Fangio ne saboda wani ya zauna ya rubuta tseren da ya shiga ɗaya bayan ɗaya. Maganin gurguwar ƙididdiga shi ne a cika ta a iya karanta ta. Yaga littafin ba ya gyara komai.

Mu da muke bakin Kainji mun fi kowa sanin wannan. Neja cika biyu take yi mana a shekara. Akwai farin ruwa mai laka da ke zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashen kusa, akwai baƙin ruwa mai tsabta da ke isowa cikin hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. Lokacin da jirgi ya yi a ruwan bana ba za a gwada shi kai tsaye da na baɗi ba. Shi ya sa za a rubuta wata da rana da yanayin ruwa, a kuma rubuta ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Bayan shekara 20 yaro zai buɗe littafi ya ga cewa ƙungiyar wani gungu ta zo gaba a gwaji sau kaza cikin kaza, a ruwa mai ƙarfi da maras ƙarfi. Wannan ilmi ne, kuma namu ne.

Sai maganar baƙunta. A nan ne na fi mamakinka, domin jiharmu ce ta fi kowa ƙaryata ta. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon al'adun duniya a 2016, da me ake fitar da gwani? Da sikeli. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kuma kowa ya ji adadin. Sikelin ya rage wa bikin kwarjini? Ya hana makaɗa kiɗa, ko masunta shiga Matan Fada da homa da gora? A Jamhuriyar Nijar ana kokawar takobi tun 1975, ana riƙe da jerin waɗanda suka ɗauka shekara bayan shekara, kuma shi ya sa yaron da bai ga Kantu na Maraɗi ba ya san da shi. A dambe, Ɗan Anace ne ya riƙe mana sunan Shago. Makaɗi shi ne littafinmu na da, kuma aikinsa ke nan: ya faɗi wa ya kayar da wa, a wane gari. Ajiye tarihin gwanaye ɗabi'armu ce tun asali. Agogo kayan aiki ne kawai, kamar injin da aka ɗaura wa jirgin fito bai hana shi zama jirgin Bagunge ko na Basarke ba. Kiɗa da rawa da jerin jirage masu ado duk za su zauna yadda suke. Gwajin safiya ɗaya ne nake nema.

Maganarka ta ƙarshe ba zan wuce ta da sauri ba, domin ta taɓa ciwon da ke jikin kowa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutane sama da 150 ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka fita da rai. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tseren mota ma ya binne nasa. A filin Imola a 1994, Roland Ratzenberger ya mutu a gwajin gudu ranar 30 ga Afrilu, washegari Senna ya tashi daga gurbinsa na 65 bai dawo ba. Amma me masu wasan suka yi? Sun koma ga awo. Suka gyara lanƙwasar filaye, suka tsananta gwajin ƙarfin mota, daga baya a 2018 suka ƙara ƙarfen kare kan direba, kuma a Bahrain a 2020 Romain Grosjean ya fito da ƙafarsa daga motar da ta rabe biyu tana ci da wuta. Babu motar da ke shiga gwaji sai an duba ta. Ka yi tunanin jirgin da ba zai shiga gwajin Rigata ba sai an duba jikinsa, an ƙirga mutanensa, kowa ya sa rigar ruwa. Yaran Shanga da Ngaski da Yauri da ke tsaye a gaɓa za su ga gwanayen da suke sha'awa sanye da rigar da manya ke ƙyama. Wane wa'azi ne zai kai wannan shiga zuciya? Rashin ƙirge ne ke kifar da jirage, Malam, ba ƙirge ba.

Matsayina bai canja ba. Gurbin kan-gaba ba shi ne dukan girman direba ba, kuma ban taɓa cewa haka ba. Shaida ce guda, tsabtatacciya, a kan sauri, wadda ta cancanci a ajiye ta a kuma karanta ta da hankali. Ina kira ga masu shirya Rigata da Masarautar Yauri ƙarƙashin Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi su gwada wannan tsari ko sau ɗaya ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Jim Clark ya tashi daga gurbinsa na 33 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu ranar 1 ga Janairun 1968, ya rasu a watan Afrilun shekarar. Adadinsa ya zauna shekara 21 kafin Senna ya wuce shi a 1989. Na Senna ya zauna har 2006, na Schumacher har Monza a 2017. Kafin nan a Kanada, ranar da Hamilton ya kamo 65 na Senna, iyalan marigayin suka aiko masa da hular kwanonsa, ya ɗaga ta sama a gaban jama'a. Littafi ne ya haɗa waɗannan mutane, wasu ba su taɓa tsere da juna ba. A wannan shekara ta 1968 ɗin aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya hau, aka tashi mutane sama da 40,000, tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka suka nutse. A cikin waɗanda suka kwashe kayansu a lokacin akwai mutumin da ya fi kowa iya tuƙi a tsakanin gungayen nan. Dole akwai shi. Ka tara matasa goma a bakin ruwan Yelwa ka tambaye su sunansa. Za ka samu wanda zai karanto maka adadin Hamilton da ka, amma na kakansa fa? Ruwa ya ci gonakinmu da kufanmu, wannan ba mu iya hana shi ba. Sunayen gwanayen da ke tuƙi a gabanmu yau kuwa, biro da agogo kawai suke buƙata.

Allah Ya haɗa mu a gaɓa ranar Rigata, kai da idonka, ni da agogona, mu ga wanda zai rage wa jama'a gardama.